Ƙotar Wuƙar Kawu Tanko

Ku da kuka zauna unguwar Hindawiyya ta Jidda a shekarun sittin, ai ba sai na faɗa muku aikin Kawu Tanko na ranar Juma'a ba. Da an sauko daga masallaci zai shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya zaro wuƙar nan daga kube. Ƙotarta ɓari biyu ce ta ƙaho, ƙusa uku na tagulla suka riƙe ta. Sai ya ɗora tsinken ƙarfe, ƙwas-ƙwas da 'yar guduma, ya fitar da ƙusoshin ya zuba a finjali, ya ɗage ƙahon, ya goge ƙarfen ciki da man riɗi, ya mayar. Wai iskar tekun Jidda tana shiga ta ajiye gishiri. Ƙahon kuwa na takarkarin da ya ɗauko kayan mahaifinsa ne daga Katsina har Sudan.

Wuƙa dai wuƙa, amma ko albasa ba mu taɓa ganin ta yanka ba! Wata Sallar layya maƙwabcinsa Malam Haruna ya zo aro.

"Ya Tanko, ga rago a ɗaure, tawa ta dakushe."

"Wannan ta yi ritaya tun kafin mu hayo teku," in ji Kawu. "Yalla, ga dutse, wasa taka."

Ranar da ƙusa ɗaya ta ɓace kuwa, gidan bai zaunu ba. Kwana biyu ya hana matarsa Hajja Mairo shara. A na uku ya nuna kazarta ya ce, "Ita ce. Na ga irin kallon da take yi mini." Aka kama kaza. Da wace wuƙa za a yanka? Ta Malam Haruna ya je ya aro, ko kunya! Aka bincike cikin kaza kaf, babu ƙusa. Ashe tana aljihun jallabiyarsa. Ya dubi Hajja ya ce, "Halas, shi ke nan, ai dama ta tsufa," ya miƙo kwano a zuba masa naman.

Na ba ku dariya, to bari in faɗi nawa laifin. Ni ɗan ƙanwarsa ne, a lokacin na haura talatin, ina kanikanci a unguwar Kurayyat, ina jin babu wanda ya kai ni sanin ƙarfe. Hannun Kawu ya fara rawa. Wata Juma'a guduma ta kuɓuce ta fasa masa babban yatsa, na ga jini a tabarma. Tausayi ya kama ni. Na lallaɓi Hajja ta ba ni wuƙar, na kai gareji, na manne ƙahon da sabon gam ɗin nan da muke toshe tankin mota da shi, na dake kawunan ƙusoshin. Na dawo ina taƙama.

"Kawu, ka huta! Yanzu ko cikin teku ta faɗa, gishiri ba zai shiga ba."

Juma'a ta zo. Ya shimfiɗa tabarma, ya ɗora tsinke, ya buga. Ƙusa ko motsi. Ya sake bugawa. Ina jiran faɗa, wallahi da ma ya yi.

"Usmanu, ka shafa mai kafin ka rufe?"

Na ce masa ban shafa ba.

"To, ya waladi, ɗana, yanzu ni me zan yi ranar Juma'a?"

Bai daina shimfiɗa tabarmar ba. Yakan zauna da wuƙar a cinya, finjali a gefe babu komai a ciki. Bai cika shekara ba ya rasu, kuma ni ya ce a ba wa wuƙar. Bayan damina uku tsatsa ta kumburo daga ciki ta tsaga ƙahon tun daga ƙusar farko har ta ƙarshe. Tana nan a akwatina, har yau ba na iya kallonta sosai.

Allah ya jiƙan Kawu Tanko, ya yafe mini gaggawata, ya sa kowace Juma'a ta same shi cikin rahama.