Mayafin Umma da sarƙar tsohuwar mota

Shekarun baya, ina zaune a wani ɗan flat a unguwar Plumstead da ke London, mahaifiyata ta zo daga Kano ganin likitan ido. Maƙwabcinmu wani dattijon Bature ne mai nauyin ji, yana da wata mota a gareji wadda ta girmi Umman kanta. Kujera biyu ce, ba rufi, fitilu da ƙaho duk na tagulla, kullum cikin goge su yake kamar kwanukan amarya. Ya ce wanda ya ƙera ta asalinsa kekuna yake haɗawa, shi ya sa sarƙa ce ke juya ƙafafun baya, a fili kuwa, ba murfi. Kamfanin ma ya durƙushe tun kafin yaƙin duniya na farko.

Wata Lahadi da hantsi ya ce zai zaga unguwa da Umma. Na zaci za ta ƙi, sai ga ta ta fito da dogon mayafinta. Ana sanyi, ni kuma sabuwar wayayya, na ce ta tsaya in naɗe mata shi a wuya in ƙulle yadda matan garin suke yi. Ta buge min hannu.

"Mayafi yafa shi ake yi. Ni akuya ce da za ki ɗaure?"

Ya murɗa ƙarfen gaba da ake tayar da injin da shi, mota ta tashi da ƙara kamar injin markaɗe, suka kama gangaren layinmu. Ina tsaye ina ɗaga musu hannu, sai na hango bakin mayafin ya zubo ta gefe, yana lilo daidai kan sarƙar. Na ƙwala ihu, ba wanda ya ji. Na zubar da takalma na bi su. Ina gani sarƙar ta cafke shi, kan Umma ya fizgu baya. Wallahi a lokacin na riga na ga gawar uwata a titin London, har ina tunanin da wane baki zan gaya wa 'yan gida.

Sai mayafin ya sulale daga kafaɗarta, sarƙar ta haɗiye shi, motar ta shaƙe ta tsaya.

Na iso ina haki. Dattijon ya sauko yana duba sarƙar. Umma kuwa ta gyara ɗankwalinta, ta ce in miƙo mata nawa mayafin, ba za ta zauna gaban namiji haka ba.

Da wuƙa dattijon ya yanko mayafin nata daga sarƙar, don ya murɗe tamau kamar igiyar guga. Na kalli murɗin nan, na kalli wuyan Umma, sai na tsuguna a bakin titi na fashe da kuka.

Ba ta taɓa yi min gorin maganar ƙullin ba har ta rasu. Amma har yau in hunturu ya zo, jikokina suka kawo min abin wuyansu in ɗaura musu, yafa musu kawai nake yi.