Sai-an-tura, Motar Baba Abarshi

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe wa Baba Abarshi igiya a aikin sare itatuwa, kuma in za a faɗi gaskiya, rabin ƙarfin da Allah ya ba ni a turin motarsa ya ƙare. A-kori-kura ce fara, ko in ce da can fara ce. A hannun wani mai gidan burodi ya saye ta a Sabon Gari, bayan mai burodin ya gama cin moriyarta. Ba ta tashi da makulli, ba ta da birkin hannu, ƙofar direba kuma da waya ake ɗaure ta. Mu muka raɗa mata Sai-an-tura. Shi kuwa bai taɓa kiranta da wannan suna ba, "motata" yake cewa, ya cika baki.

Baba mutumin wani ƙauye ne can bayan Shika. Gajere ne kakkaura, kunnensa na hagu ƙarar inji ta cinye shi, shi ya sa ko gaisuwa zai yi maka sai ka ɗauka faɗa ne. Da gatarin ubansa ya shigo Samaru yana saurayi, yana bin gidajen ma'aikata yana rage musu rassan mangwaro da malaina. Daga baya ya koyi injin zarto, ya kuma iya shi iyawar da ban ga na biyunta ba. Zai zagaya itace sau biyu, ya ɗaga kai ya kalli samansa, ya nuna ƙasa da ƙafa ya ce, "Nan zai kwanta." Kuma nan ɗin zai kwanta.

Sai dai duk inda muka je aiki, ba itacen yake fara dubawa ba. Gangara yake nema. Sai ya samu inda ƙasa ta ɗan karkata, ya juya hancin motar ya kalli ƙasa, Japhet abokin aikina ya dira ya cusa dutse a ƙarƙashin taya, sannan a yi maganar abin da ya kawo mu. Ko coci zai je ran Lahadi, can nesa yake barinta inda akwai gangara, ya ƙarasa a ƙasa da Littafi a hammata. In babu gangara kuwa, ni da Japhet ne gangarar.

Ranar da babu aiki, a Muchia muke yini, a shagon Oga Celestine mai gyaran injin zarto. Sa'an Baba ne, sun fi shekara talatin tare, kuma ban taɓa jin bakinsu ya zo ɗaya a kan komai ba. Baba zai zauna a benci, tsohon injinsa ɗan Jamus tsakanin ƙafafunsa, yana wasa haƙoran sarƙar da magagari ɗaya bayan ɗaya.

"Oga Abarshi," in ji Celestine, "wannan injin naka ya fi buhun siminti nauyi. Ga sababbi 'yan China, ja ɗaya sun tashi."

"Ja ɗaya su tashi, wata ɗaya su mutu," in ji Baba. "Sa wa ɗan China maɗaci ka ji yadda zai yi kuka kamar akuya."

"To mun ji na inji. Motar fa? Kawo ta in kira masu gwangwan su auna."

Japhet ya ce, "Oga Cele, ai masu gwangwan sun zo sun gani. Cewa suka yi tsatsa ba ta da kilo."

Baba bai ɗaga kai ba. "Motata ta taɓa kwana da ku a hanya?"

"Ina za ta kwana, Baba," na ce, "tunda mu muke kawo ta gida?"

Haka muke yi masa, yana murmushi yana ci gaba da wasa sarƙarsa. Amma akwai iyakar da ba ma wucewa, don mun san abin da motar take a wurinsa. Shekarar da matarsa Mama Liya ta yi ciwonta na ƙarshe, a bayan motar nan ya shimfiɗa mata katifa, yana kai ta asibiti Shika yana dawo da ita wata biyar. Da ta rasu, ya ce ba motar hayar da za ta ɗauki Liya. Shi ya tuƙa ta har ƙauye. Ran nan ma sai da muka tura, ba wanda ya yi ko tsaki. Tun daga lokacin, duk mai son ganin ɓacin ran Baba ya yi masa maganar sayarwa da gaske.

A bazarar bara aka kira mu Jushi. Wata mata ce, Maman Somto, mai sayar da busasshen kifi a kasuwar Sabon Gari. Mijinta ya mutu ya bar mata ɗaki biyu da wani ƙaton maɗaci a jikin katanga. Kullum hadari ya taso ba ta iya barci don tsoron kar ya faɗo mata. Ta kwatanta mana gidan, ta ce ita tana kasuwa, mu yi aikinmu.

Wurin ba wuya. Ɗakunanta suna yamma da itacen, a arewa akwai fili babu kowa, a gabas kuma lungu ne mai gangara zuwa kwata. Ba sai na faɗi inda Baba ya ajiye mota ba. Ya ma yaba wa lungun, ya ce rabonsa da gangara mai kyau haka tun Samaru.

Japhet ya hau ya rage rassa, ya ɗaura igiya a sama. Baba ya yanka wa itacen baki ta wajen filin, ni da Japhet muka ja igiya muka tsaya can, shi kuma ya koma baya ya kafa inji. Da farko garin katako ja mai kyau ke fita. Can sai na ga ya koma baƙi, har da ƙasa da gara. Daga waje itacen lafiya lau, ashe cikinsa rami ne. Kuma daidai lokacin iskar hadari ta taso daga gabas.

Na ji igiyar ta fisge ni. Itacen ya yi wata irin ƙara, ya fara murɗawa, kansa ya bar filin ya nufi rufin Maman Somto. Baba ya kashe inji, ya ɗaga kai. Ban taɓa ganin ya kalli itace na ɗan lokaci kaɗan haka ba.

"Aaron! Japhet! Ku koma lungu da igiyar! Ku ja gabas!"

"Baba, mota!" in ji Japhet. "Bari in cire dutsen ta gangara!"

"In ka saki igiyar nan ɗakin matar ya tafi! Ku ja, na ce!"

Gaskiya ya faɗa. Hannu huɗu ne kawai a kan igiyar, da ƙyar ma muke tare ta. Kuma ko an cire dutsen, wa zai riƙe sitiyari, ga gidajen mutane a ƙasa? Muka ja da baya cikin lungun, ƙafafunmu na zamewa. Baba ya tada inji, ya shiga ƙarƙashin itacen da ke rawa, ya yanke ɗan naman da ya rage ta wajen ɗakin, ya bar na wajen lungu. Ya san sarai abin da yake yi. Maɗacin ya tsaya cak kamar mai tunani, sannan ya juyo, muka watse.

A kan motar ya kwanta, daga hanci har baya. Gilas ya tarwatse, tayoyi biyu suka fashe lokaci ɗaya, ƙofar direba da ake ta lallaɓawa da waya ta faɗi can gefe. Ko kwano ɗaya bai motsa a rufin matar ba.

Ni da na yi shekaru ina tsine wa motar nan, sai na kasa kallon Baba. Japhet ya tsuguna a gefen lungun. Baba ya ajiye inji, ya zo ya tsaya hannu a baya, yana kallo.

Muna nan Maman Somto ta sauka daga acaba, maƙwabta sun kira ta a waya. Ta duba ɗakinta, ta ɗaga hannu sama tana ta godiya ga Ubangiji. Sannan ta leƙa lungun. Ba ta taɓa ganin mu da motar ba, abin da ke ƙarƙashin itacen kuma, in za a yi mata adalci, ko kafin ya faɗo bai yi kama da abin da ke tafiya ba.

"Kai, Baba, ka iya aiki!" ta ce. "Ka duba duk wurin nan, ka zaɓi wannan tsohon gwangwanin da aka yar. Mun gode Allah ba a yi asarar komai ba."

Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan gaya mata. Baba ya damƙe min hannu har sai da na ji zafi.

"Haka ne, Madam," ya ce. "Shiga ki huta, yanzu za mu kwashe miki."

Ta shige tana waƙar coci. Baba ya ɗauki injinsa, ya goge sarƙar da gefen rigarsa, ya daɗe yana gogewa ko da yake ba abin da ya same ta.

"Aaron," ya ce, a karon farko da na ji ya yi magana a hankali, "ku fara daga baya. Gaban ni zan yi da kaina."