Waƙar Saniyar Kakata

Ina malamin elementare a Jega lokacin da Baturen makaranta ya zo neman tatsuniyoyi. Ya ce littafi za a buga, don duniya ta san ko su wane ne Hausawa. Ni kuwa da rawar kai na ce kakata ta fi kowa iyawa.

Na hau jaki na nufi Kimba, ƙauyen da kakata take. Bafulatana ce, ta auri kakana manomi, ta tsufa tana haɗa harshe biyu a baki ɗaya. Da na ce ta yi mini tatsuniya, sai ta dubi rana ta dube ni.

"Angona, boko ya cinye maka hankali? Wa ka tatsuniya da rana tsaka?"

Na yi ta magiya har ta haƙura. Ta ba ni labarin marainiyar da saniya ke shayarwa. Duk inda yarinyar za ta kira saniyar, sai kakata ta juya Fillanci ta rera waƙa. Na rubuta Hausar, na tsallake waƙar, don ban san yadda ake sa Fillanci a boko ba. Da na gaya wa Baturen, ya ce babu komai, ai littafin na Hausawa ne. Wallahi har daɗi na ji.

Da littafin ya fito na kai mata, ina taƙama. An mayar da maganar Hausar Kano, an goge ta tas. Na karanta mata har ƙarshe, tana tsinke auduga.

"Wagga ba tau ta ba," in ji ta. "Ina waƙar? In ba a kira ta ba, ƙaƙa saniya za ta zo?"

Na ce zan dawo in koya. Ban koma ba sai ranar jana'izarta.

Na yi shekaru ina karantar da labarin nan, yara na maimaitawa, ana yabona. Kowane yabo nauyi yake ƙara mini. Na bi rugagen Aliero da Maiyama ina tambayar waƙar, kowace tsohuwa ta rera mini tata, ba ta kakata ba.

Rannan 'yata ta ce, "Baba, yaya yarinyar ke kiran saniyar?" Na buɗe baki, karin waƙar ya zo, kalma ko ɗaya ba ta zo ba. Haka na yi ta gunguni, ita kuwa tana jira.