Malam, Kulkin Yana Nan a Bango

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma. Da hantsin Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, Allah ya karɓi ran malaminmu na ajin yamma, tsohon ma'aikacin gidan adana kayan tarihi, bayan jinyar ciwon ƙirji. A makon nan kuma 'yata ta sauka lafiya, na sami jika mace. Ina wannan rubutu ido na hawaye, baki ya ƙi rufuwa. Malam, ka yi mini uzuri, kai ne sanadin murnar.

Na zo ajinka da furfura, ni tela ne da ban iya rubuta sunana ba. Ka riƙe hannuna kamar na yaro, kana cewa hannun da ya iya zura zare a allura ba zai gagara riƙe fensir ba. Ba ka taɓa yi mini dariya a gaban mutane ba. Sai an tashi.

Amma abin da ba zan manta ba shi ne maganar kulki. Tun ina yaro akwai wani tsohon kulki a gidanmu, baƙi wuluk, mai nauyi, an sassaƙa masa zane, da zobba uku a wuyansa. An ce na kakan mahaifina ne, jarumin da ba ya gudu. Na rataye shi a falo, duk baƙon da ya zo sai na ba shi labari.

Bara mahaifin mijin 'yata, wanda muke kira Mai Gareji, ya zo gaishe ni. Yana ganin kulkin ya ajiye kofin shayi. Ya ce zobba uku alamar gidansu ce, kuma kulkin kakansa ya ɓata ne ranar da aka tsinci gawarsa a hanya, ba a san wanda ya kashe shi ba. Bai ce kakana ne ba. Takalminsa kawai ya sa ya fita. Bayan 'yan kwanaki sai ga 'yata da akwatinta, da ƙaramin ciki. Mijinta yana sonta, amma ubansa ya ce jininsa ba zai tashi a hannun waɗannan mutane ba.

Na naɗe kulkin a zane na kawo maka. Kana kwance, numfashi da ƙyar. Na roƙe ka ka ce ba nasu ba ne. Ka dube ni ka ce, "Tela, in nasu ne, a gabanka zan faɗa. Ka yarda, ko ka ɗauki kayanka?"

Na bar shi, na fito.

Ka daɗe kana bincike. 'Yata tana ramewa, uwarta ta daina yi mini magana sai ta dole. Duk zuwan da na yi, sai in tarar da kulkin a kan cinyarka, da gilashinka na ƙara girman abu. Ka sa aka jefa shi a baho, ya nutse. Ka kankari gindinsa ka sansana. Ka sa aka nuna wa tsofaffin masassaƙa hotonsa. In na matsa, sai ka ce ba ka gama ba.

Ranar da ka kira mu, ni da Mai Gareji muka zauna a ɗakinka, kowa yana kallon bango. Ka tambaye shi ko zobban gidansu sassaƙa su ake yi. Ya ce ƙwarai, da wuƙa, su fito ɓaro-ɓaro. Ka miƙa masa allura ka ce ya tona cikin zobe ɗaya da hannunsa. Ya tona, wani jan gari ya zubo a kan farar takarda. Shi mai aikin ƙarfe ne, bai buƙaci bayani ba. Ya ce tsatsa ce. Ka nuna masa tsagewar da ke ƙarƙashi: itacen ne ya taɓa darewa aka ɗaure shi da waya, wayar ta cinye ta bar sawunta. Ka ce itacen na bakin ruwa ne, zanen kuma na masu sassaƙa jirgi ne, irin kulkin da masunta ke buga wa babban kifi a ka.

Sannan ka juyo gare ni. "Tela, jarumin naka kifi yake duka."

Mai Gareji ya sunkuya ya ƙara duba kulkin. Can sai kafaɗunsa suka soma rawa. Dariya yake yi, hawaye na zuba. Washegari da kansa ya zo ya ɗauki surukarsa.

Ni da shi muka riƙi makararka, Malam, gefe ɗaya. Yanzu ba ya kirana sai jikan mai kifi, ni kuwa ina amsawa da ƙarfi. Jiya ya ɗora mini jaririyar a cinya, a ƙarƙashin kulkin nan, ya ce in ta girma in gaya mata gaskiyar labarin, ban da ƙari. Ba ka gan ta ba, amma kai ka mayar da ita gidan ubanta.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata makwancinka, ya saka maka da Aljanna saboda gaskiyar da ka ƙi sayarwa ko don abota. Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinka da ta jure zaryata lokacin jinya, da 'ya'yanka, da dukkanmu tsofaffin ɗalibanka. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.