Kwamfutar da Take Suma

Ni ba 'yar boko ba ce. Sai da furfura ta cika min kai na san bambancin harafin "ba" da na "da". Wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da muciya.

'Yata ce ta koya min. 'Yar fari ce, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, kuma ba zan fara a nan ba. Haka muka taso. Sai dai in ce "ke", ko in ce "waccan". Aikin jinya take yi, ba ta da lokacin zama da ni a tabarma. Sai ta sayo kwamfuta irin wadda ake ninkewa kamar faifai biyu, ta riƙa ɗaukar kanta a bidiyo tana koya min karatu idan ta samu sarari a wurin aiki. Ta kawo min nan Fadaman Mada, ta nuna min inda zan danna. Sai ga fuskarta da farin kaya tana cewa, "Inna, buɗe baki ki ce a. Ba wanda zai ci ki tara."

Kwamfutar ba ta shekara ba Allah ya karɓi abinsa. Zazzaɓi ne, bai ma daɗe ba. Ina yi mata fifita, jikin kamar garwashi, tana cikin yi min magana sai ta yi shiru.

Bayan an share makoki na koma kan karatuna. Darussan na bi ɗaya bayan ɗaya har na zo na ƙarshe, wanda ya fi sauran tsawo. A ciki take cewa, "Yau suna za mu rubuta. Na san ba za ki faɗi nawa ba ko za a yanka ki. To amma rubutu ai ba faɗa ba ne, Inna." Ta yi dariya. Ta fara da sunana, tana jan kowane harafi a hankali. Muna cikin haka, ɗif, fuskar kwamfutar ta yi baƙi. Ba sallama, ba komai. Na ga fuskata a ciki, baki buɗe.

Na taɓa ƙasanta na ji zafi. Sai da na janye hannu na yi salati, don na san irin wannan zafin.

Daga ranar abin ya zama jiki. Wani lokaci ta mutu da kunnawa, wani lokaci ta kai ni tsakiyar darasi. Caji a cike, wuta akwai, amma ta mutu. Ni kuma ban san ana tsallakewa zuwa gaba ba. Kullum daga farko nake somawa, kamar mai tilawa. Ban taɓa kaiwa inda za ta rubuta nata sunan ba.

Maƙwabciyata ta ce, "Hajiya, ki daina kunna yarinyar nan, ki bar ta ta huta. Ita ce take kashewa."

Na ce, "Da ita ce, da ba ta bar magana a rabi ba. Bakinta ba ya gajiya."

Na faɗa ne kawai. Amma ranar ban kunna ba.

Da na lura ta fi daɗewa in da sanyi, sai na riƙa kai ta gindin randa. In ɗora faifai a bakin randar, in ɗora ta a kai, in zauna da mafici ina yi mata fifita. Tana ƙara ɗan lokaci, sannan ta tafi. Wata rana da hantsi na ga kaina zaune, hannu yana kaiwa yana komowa, ina cewa "sannu, sannu". Na ajiye maficin. Na ce wannan zaman na taɓa yin sa, ba zan ƙara ba.

Na naɗe ta a zani na hau keke-napep zuwa kasuwar Wunti, shagon da aka saye ta. Na san wurin don da ni aka je. Mai shagon mutumin kudu ne, ya daɗe a Bauchi, Hausarsa dai sai a hankali.

"Mama, me ya same shi?"

"Ita. Suma take yi."

Ya kunna, ya kasa kunne, ya juya ta. Ya ga wata 'yar takarda manne a ƙasa, a kan ƙusa. Ya ce, "Mama, kai ka yi ƙoƙari! Ba ka cire wannan ba. Da an cire, garanti ya tashi. Ba kowa ya buɗe shi?"

Na ce, "Wa yake ɓare takardar sabon abu? Kwanukan jerena har yau da takardunsu."

Ya yi dariya har da buga tebur. Ya duba a nasa wajen ya ce garantin bai ƙare ba, saura kaɗan. Wato alkawarin kamfani ne, in abu ya lalace da kansa kafin shekara su gyara. Na ce a raina, ashe alkawarin kamfani ya fi mai sayen tsawon rai.

Da na ba shi labarin randa sai dariyar ta tsaya. "Ruwa? Mama, in suka ga ruwa ciki, ba za su taɓa ba!" Ya haska ta ko'ina da fitilar waya, ya shinshina. Na zuba masa ido. Ya ce faifan ya cece ni. Ya ce laifin ba nawa ba ne, daga can aka haɗo ta da ciwo a babban allon da ke cikinta, in ta ɗau zafi sai wani wuri ya saki. Shi ba shi da ikon buɗewa. Sai an aika Legas, kuma can suna iya goge duk abin da ke ciki.

Na miƙa hannu na ce ya ba ni kayana.

"Me yana ciki?"

"'Yata."

Ya dube ni. Ya tuna ta, ya ce mai farin kaya, mai ciniki kamar faɗa. Na ce ita. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Sannan ya ɗauko wani ɗan abu kamar ɗan yatsa, filashi, ya ce zai kwashe ta a ciki tukuna. Ana cikin kwasa ta mutu. Aka sake, ta mutu. Ya jawo fankar shagon ya saita mata, ni kuma na ciro maficina daga jaka. Haka muka yi, shi da fanka ni da mafici, har ya ce ta shiga duka.

Ya ce zai kunna min a tasa in ji ƙarshen. Na ce ba zan ji 'yata a kasuwa ba, cikin ƙarar janareta. Na bar masa kwamfutar ya aika Legas, na ƙulle filashin a haɓar zani na dawo gida.

Makonni suka yi ta wucewa. In na je ya ce, "Yana hanya, Mama." Ban kai filashin ko'ina ba. Wanka kawai ke raba ni da shi.

Kwamfutar ta dawo da sabon allo a cikinta, a goge tas. Ya mayar min da darussan. Na zo gida na rufe ƙofa, bayan azahar ne, na kunna na ƙarshen. Ta gama sunana. Kwamfutar ba ta mutu ba. Na taɓa ƙasa, sanyi ƙalau. Ta gyara zama ta ce, "To, saura nawa. Riƙe biron da kyau." Sai aka buga ƙofa daga can wajenta, wata murya ta ce ana nemanta, an kawo mara lafiya. Ta waiwaya, ta dawo da fuska, ta ce, "Ina zuwa, Inna. Kar ki tashi."

Shi ke nan. Babu saura.

Na koma farko na sake bi. Nan dai ya tsaya. Da can in ta yi baƙi ina cewa akwai ragowar magana a ciki, na'ura ce ta riƙe min. Yanzu an gyara, ba ta riƙe komai.

Kwamfutar ba ta ƙara suma ba. Ni kuwa yanzu ina karanta allon shaguna daga cikin keke, ina rubuta irin wannan. Haruffan sunanta duk na san su, ba masu yawa ba ne. Wani lokaci nakan ɗauki biro in ɗora a kan takarda, in kunna darasin, in jira ta juyo.