Mai Furfura a Cikin Ɗaliban Lantarki

Ɗaliban lantarki biyar sun mamaye bencin shagon da nake buga takardu a Ƙofar Marusa. Malaminsu ya ba su matsala su warware tare, maki ɗaya ga kowa: me ke sa taransifomar wata unguwa yawan ƙonewa?

Huɗu samari ne. Na biyar ya haura arba'in, da furfura a gemu da tabon ƙuna a tafin hannu, irin hannun marigayi babana mai walda. Ina jin mai hawa falwaya ne, yanzu da soja suka koma bariki aka ce sai da takarda za a ƙara masa girma.

Yana zana wayoyi uku a bayan kwali. "Layi ɗaya cikin ukun nan aka jibga wa duk gidajen. Na hau irinta ba adadi."

"Baba, lissafi Malam ke so, ba tarihi ba," in ji shugaban samarin.

Mai furfurar ya ajiye kwalin. Lissafin ne bai iya ba.

Sun miƙo mani tasu amsar. Sunansa suka sa a sama, wai girmamawa. Yana tsaye bayana yana karanta abin da ya san kuskure ne. Na ja aikin, ina jira ya yi magana. Har na gama bai ce uffan ba.