Musun da Aka Yi a Falon Khala Ranar Suna

A shekararmu ta biyu a Riyadh na haifi 'yata ta fari. Maigidana yana karatun digiri na uku a fannin fiƙihu, muna zaune a unguwar Naseem, a hawa na biyu na wani tsohon bene, ɗaki ɗaya da falo wanda littattafai suka cinye rabinsa. Mahaifiyata ta nemi biza ba ta samu ba. Saboda haka duk abin da uwa take yi wa mai jego, maƙwabciyata ce ta yi mini.

Ƙofarta tana kallon tamu. 'Yar Yaman ce, amma a Riyadh ta yi yawancin rayuwarta, mijinta yana da ɗan shagon zuma da turare a unguwar Gubaira. Ina kiranta Khala, yadda ake kiran ƙanwar uwa a can, mijin kuma Ammi, wato baffana. Ita kuwa ba ta taɓa kiran sunana ba, kullum binti, wato 'yata. Larabcina na Islamiyya ne, nata na cikin gida, amma da hannu da baki muka fahimci juna.

Ina da tsohon ciki ta ba ni labarin ɗanta. Muna zaune a kicin ɗinta tana tsince shinkafa, sai ta ce ɗanta na fari yana Guantanamo, sansanin nan da sojojin Amurka suke tsare mutane a gefen tsibirin Kuba. Yana saurayi ya tafi Pakistan, wai zai koyar da Alƙur'ani, daga nan sai labarin kama shi suka ji. Ban san gaskiyar abin da ya kai shi ba, kuma ba na jin ita ma ta san duka. Abin da ta sani shi ne ya haura shekara goma a can, ba a taɓa gurfanar da shi gaban alƙali ba, kuma tuntuni aka ce yana cikin waɗanda za a saka, amma shiru.

"Kada ki faɗa wa kowa, binti," ta ce. "Har maigidanki. A gidan da muka baro, da aka ji, sallama ma daina yi mana aka yi."

Na yi mata alkawari, na kuma riƙe.

Ranar suna ta faɗo Juma'a. Da Ammi ya ga falonmu ba zai ɗauki mutane ba, da kansa ya ce maza su zauna a nasa. Khala ta tashi tun da safe ta ɗora shinkafa da naman ragon suna, wata baiwar Allah 'yar Maraɗi da ke aiki a wani gida kusa da mu tana taya ta. Ni aka ajiye ni a ɗakin Khala na ciki da jaririya, wanda bango ɗaya ya raba shi da falon.

Bayan an sauko daga masallaci maza suka cika. Akwai ɗalibai abokan maigida, akwai direbobi da masu gadi 'yan Maraɗi da Damagaram da muka saba da su, sai kuma yayana, likita ne a wani asibiti, yana zaune a unguwar Jaradiya. Aka yi addu'a, aka shafa, Ammi yana zagawa da butar gahawa da dabino.

Yaya da maigida suna shiri ƙwarai, amma ba su taɓa zama wuri ɗaya ba su yi musun siyasar Amurka ba. Yaya yana son shugaban ƙasar na lokacin kamar ɗan gidansu. Maigida kuwa gani yake daɗin baki ne kawai da shi. A watannin nan kuma kowace tasha ka buɗe labarin sansanin ake yi, domin fursunonin sun shiga yajin cin abinci. Ban san wanda ya fara ɗauko zancen ba. Sai dai na ji muryar Yaya ta ɗaga.

"Mutumin nan yana hawa mulki ya sa hannu a rufe wurin. 'Yan adawa ne a majalisa suka hana kuɗi, suka ce ko fursuna ɗaya ba za a kawo ƙasarsu ba. To ya zai yi?"

"Likita, tsaya," in ji maigida. "Sa'ad da aka fara hana kuɗin, su wa ke da rinjaye a majalisar? Ba 'yan jam'iyyarsa ba ne? Dokokin da kake cewa sun ɗaure shi, wa yake sa musu hannu duk shekara?"

"To wa ya buɗe wurin tun farko? Ba waɗancan 'yan adawar ba ne?"

"Waɗancan ai ba su yi wa kowa alkawarin rufewa ba a ranar farko. Naka ne ya yi."

Nan fa falo ya rabu biyu. Kowa ya kama ɓangare, kamar yadda suke yi idan ana kallon ƙwallo. Wani direba ɗan Damagaram ya ce ashe har Turawa ma irin namu suke yi, na gwamnati ya ce 'yan adawa ne, 'yan adawa su ce na gwamnati ne. Aka kwashe da dariya. Wani ɗalibi ya kwaikwayi yadda shugaban yake jawabi, aka sake wata dariyar. Da Hausa suke yi, suna haɗawa da Turanci, amma sunan sansanin ba ya canzawa a kowane harshe, kuma sun yi ta maimaita shi.

Khala ta shigo da kwanon kunun da ta dama mini. Ta tsaya a tsakiyar ɗaki, ta karkata kai wajen bangon.

"Binti, me suke cewa? An yi sabon labari ne?"

"Babu sabon labari, Khala."

"Na ji suna ambatonsa. An ce za a rufe?"

"A'a. Musu suke yi a kan wanda yake da laifin rashin rufe shi."

A daidai lokacin aka sake fashewa da dariya a falon.

"To me ya ba su dariya?"

Na sunkuyar da kai ina gyara wa jaririya zani wanda ba ya buƙatar gyara. Na so in aika a kira maigida, amma me zan ce masa a gabanta, bayan ta roƙe ni in rufa mata asiri? Ta ajiye kunun a gefena, ta zauna a bakin gado, hannayenta a kan gwiwa.

Aka shigar da farantan shinkafa. Na yi zaton abinci zai kashe maganar, sai na ji maigida ya juya zuwa Larabci, irin tsararren Larabcinsu na makaranta.

"Ammi, zo ka raba mana gardama. Kai ɗan Yaman ne, kuma an ce yawancin waɗanda suka rage a wurin 'yan ƙasarku ne. Shi wannan shugaban da kansa ya dakatar da mayar da su gida. Laifin wa ke nan?"

Yaya ma ya bi shi da Larabci. "Ka faɗa masa dalili mana. Bai dakatar ba sai da wani matashi ya yi yunƙurin tarwatsa jirgin sama, aka ce a Yaman aka koya masa."

Wani daga cikin ɗaliban ya ce, a hankali, "Matashin kuma ɗan ƙasarmu ne."

Yanzu Khala tana jin komai ba sai na fassara ba. Ban kalle ta ba. Sai muka ji muryar Ammi, ba ta ɗaga ba, ba ta kuma rawa.

"Ni ban san jam'iyyunsu ba, 'ya'yana. Ɗana yana can. An ce mana yana cikin waɗanda suka daina cin abinci." Sannan ya ce, "Bisimilla, ku ci, kada shinkafar ta huce."

Bayan wani lokaci na fara jin ƙarar faranti. Daga baya maigida ya gaya mini cewa babu wanda yake iya haɗiya, amma barin abincin ya fi cin sa muni, tunda mai gida ya ce a ci, kuma matarsa ce ta dafa. Haka suka ci, kowa idonsa a kan farantin, Ammi yana tura musu nama gabansu. Ana gamawa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, sallamar ma ciki-ciki.

Da na koma ɗakinmu na tarar da maigida zaune a ƙasa, ya cire hula ya ajiye a gefe.

"Kin sani?"

"Na sani. Ta ce kada in faɗa."

Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "A falonsa. Da gahawarsa a hannuna."

Washegari da la'asar shi da Yaya suka tafi shagon Ammi a Gubaira don ba da haƙuri. Ammi ya ce babu abin da suka yi masa, ai ba su sani ba. Ya ba su kujera. Sannan ya dubi Yaya ya ce, tunda shi likita ne, akwai abin da yake son tambaya tuntuni bai sami wanda zai tambaya ba. An ce masu yajin ana ɗaure su a kujera a zura musu roba ta hanci har ciki a ɗura musu abinci. Da zafi?

Yaya ya gaya mini cewa ya sanar da mutane rasuwar 'yan uwansu ba adadi, amma bai taɓa jin harshensa ya yi nauyi kamar ranar ba. Ya so ya ce babu zafi. Amma dattijon yana kallonsa, sai ya faɗa masa gaskiya: idan mutum ya saki jiki, kuma mai sakawar yana da tausayi, da sauƙi, idan yana turjewa, da zafi sosai. Ammi ya gyaɗa kai, ya ce ya gode, ɗansa tun yana ƙarami ba ya sakin jiki ko allura za a yi masa.

Ni kuwa tawa kunyar a gida take jirana. Khala ba ta fasa komai ba. Da safe ta ƙwanƙwasa ƙofa kamar kullum, ta karɓi jaririya ta yi mata wanka, ta kawo mini abinci. Na kasa haɗa ido da ita. Ranar da na daure na ce, "Khala, maganar yaron nan ɗan ƙasarmu," sai ta katse ni.

"Tun ranar da kuka tare na tambayi daga ina kuke, aka faɗa mini. Na san da zancen. Shi ma ai yana da uwa, ko? Miƙo mini tawul."

Na miƙa mata. Na fi son a ce ta ɗaure mini fuska ko na yini guda, da na sami abin da zan jure. Har na yi arba'in ina cin girkinta ina jin kamar ban cancanta ba.

Maigida da Yaya ba su canza ra'ayi ba. Har yau Yaya yana ganin majalisa ce ta hana, maigida yana ganin shugaban ne bai so da gaske ba, kuma da na ƙara fahimtar al'amarin na ga kowannensu yana da abin kamawa. Sai dai ban sake jin sun yi musun a gaban mutane ba. Yaya ya ɗauki al'adar biyawa ta shagon, idan an yi wani labari da Turanci ya fassara wa Ammi, ba ƙari ba ragi. Yawanci labarin bai wuce an sake ɗage wani zama kan batun fursunonin ba.

Mun koma gida Gusau bayan maigida ya kammala, sansanin yana nan ba a rufe ba. Ba mu daɗe da komawa ba Yaya ya kira ya ce an fitar da ɗan nasu, amma ba Yaman aka kai shi ba, ba kuma Riyadh ba, wata ƙasa ce ta yankin ta karɓe shi. Ammi da Khala suka yi ta neman izinin zuwa har suka samu.

Bayan sun dawo Khala ta aiko mini da saƙon murya ta wayar jikanyarta. Ta ce ta gan shi. Ya rame, gemunsa ya yi fari kamar na babansa, kuma ba ya yarda a rufe ƙofar ɗaki idan yana ciki. Ta ce da farko bai san yadda zai zauna kusa da ita ba, sai da ta jawo kansa ta ɗora a cinyarta. Sannan ta tambayi ko yarinyar ta fara magana, ta ce in turo mata muryarta ta ji.